Wa Ya Faɗa Maka?

  

'Yan uwa, da yawanmu ba mu manta daren nan ba. Bayan sallar Isha'i wani saƙon murya ya shigo wayoyinmu. Namiji ne yake magana yana haki, yana cewa an tare motocin 'yan Arewa a hanyar Oyo, an ƙona biyu, kowa ya yi ta kansa. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi rana ba, bai ce a daidai wane gari ba. Kafin sha ɗaya na dare muryar ta kai Kano, ta kai Sakkwato, ta tsallaka Maraɗi. Waya ta dinga shigowa daga gida, iyaye mata suna kuka, matan aure suna cewa a tattaro a dawo. Wani direba da ya ɗauko albasa ya kwana a hanya da kayan mutane, ya rasa kasuwar asuba. Da gari ya waye shugabannin tasha suka bi diddigi, sai ga shi babu motar da aka taɓa. Muryar ma tsohuwa ce, ta taɓa yawo shekarun baya.

To, wa ya tura ta? Mu ne. Ba wani maƙiyi ba ne ya zo ya karɓi wayoyinmu. Cikin waɗanda suka tura akwai masu sahun farko, akwai dattawan da ba a taɓa kama su da ƙarya ba ko a ciniki. Kuma don ƙauna suka tura, don kada ɗan uwa ya faɗa haɗari. Wannan shi ne abin da ya sa muka ga ya kamata mu tsaya a kan tambaya guda a wannan makon: me ake nufi a ce mutum ya san makamar labari? Kuma ta yaya mutumin kirki, mai kyakkyawar niyya, yake zama ɗan aiken ƙarya bai sani ba?

A makarantun boko da ɗakunan karatu abin nan fanni ne guda da ake koyarwa. Wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski ne ya fara sa masa suna a 1974. A 1989 ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ta tattara shi a kan abu huɗu: mutum ya gane lokacin da yake bukatar sanin wani abu, ya iya nemo shi, ya iya auna shi, sannan ya iya aiki da shi yadda ya dace. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana ware masa mako guda a ƙarshen Oktoba kowace shekara, kuma babban taron 2022 a Abuja aka yi shi. A lura fa, cikin huɗun nan babu yawan labari. Wanda yake cikin guruf ashirin a WhatsApp, duk abin da ya faru shi ne na farkon ji, ba lallai ne ya fi tsohon da ke da rediyo ɗaya sanin makama ba. Sau da yawa ma tsohon ya fi shi, don shi ya san wa yake saurare.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Unguwar nan ta Sabo an kafa ta a 1916, kuma abin da ya riƙe ta shi ne fataucin shanu daga Arewa da goro daga Kudu. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikin kakanninmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya tarar, wanda dattawanmu za su tabbatar, shi ne bashi ake ba mahauta shanu, maigida kuma shi ke tsaya wa baƙonsa. Saboda haka dole maigida da dillalansa su san wane mahauci ne ke biya, wane ne ya fara karyewa, nawa kaya suke yi yau a kasuwa. Maigidan da ya ba baƙo labarin da bai tabbata ba, daga aljihunsa zai cika, in ya maimaita kuma baƙi su sauya masauki. A wancan zamani kowane labari yana da mai shi, kuma mai shi yana biyan kuɗin kuskurensa. Yau labari yana zuwa ba uba ba uwa, wanda ya tura shi kuma data ta naira ashirin kawai ya kashe.

In muka koma ga addini, ai mu ne al'ummar da ta mai da tambayar "wa ya faɗa maka?" ta zama ilimi sukutum. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don ta yi daɗi. Suna duba isnadi, wato jerin waɗanda suka ɗauko ta, su tabbatar sarƙar ba ta yanke ba, kowa ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga wurinsa. Suna duba adalcin mai ruwaya, wato mutumcinsa da gaskiyarsa. Sannan suna duba kiyayewarsa, wato ko yana riƙe abu yadda ya ji shi. Bayan haka su gwada maganar da ta sauran amintattu, ko ta saɓa musu, su kuma nemi ɓoyayyiyar illa. Imamu Buhari, wanda aka haifa a 194 ya rasu a 256 bayan Hijira, daga ruwayoyi dubu ɗaruruwa ya tace 'yan dubbai. Imamu Muslim kuwa, a gabatarwar littafinsa, babi guda ya ware don hani ga ba da labarin duk abin da mutum ya ji.

A nan akwai wata hikima da ta shafe mu kai tsaye. Malaman nan sun raba adalci da kiyayewa. Mutum yana iya zama mai tsoron Allah, mai azumin nafila, amma a ajiye ruwayarsa saboda yana rikita abu. Ba su ɗauki wannan cin mutunci ba. Mu kuwa da an tambaye mu, sai mu ce, "Haba, ai Alhaji ne ya turo, Alhaji ba ya ƙarya." Gaskiya ne, Alhaji ba ya ƙarya. Amma Alhaji yana wurin? Shi ma turo masa aka yi. Gaskiyar Alhaji ta tabbatar mana abu ɗaya ne tak: cewa lallai saƙon ya shigo wayarsa. Daga bayansa kuma sarƙar duhu ce, mutum ɗari da ba mu san ko ɗaya ba. A ma'aunin malaman hadisi, irin wannan ko kallo ba ta isa ba.

Harshenmu ma ya ba mu ma'auni, mu ne muke jefar da shi. Bahaushe yana da "na gani da idona", yana da "wane ya gaya mini", yana da "an ce", yana da "wai". Matakai ne, kamar mudu da tiya da buhu. Malaman hadisi ma haka suke bambanta "na ji" da "an ruwaito". Ku duba yadda labari ke tafiya a tsakaninmu. Na farko ya ce, "Wai an yi rigima a Ojoo." Na biyu ya ce, "An ce ana rigima a Ojoo." Na uku ya ce, "Ana rigima a Ojoo." Na huɗu ya kira gida ya ce, "Ana kashe mu a Ibadan." Babu wanda ya zauna ya ƙaga ƙarya a cikinsu. Kowa "wai" ɗaya ya zubar a hanya, kamar ɗan dako da ke rage kaya don ya yi sauri. A ganinmu rabin sanin makamar labari yana nan: ka san matakin abin da ke hannunka, ka miƙa shi a matakinsa, kada ka ƙara masa daraja.

Me ya sa wannan ya fi nauyi a kanmu, mu mazauna Kudu? Saboda a wurin 'yan uwanmu na gida mu ne ido. In mutumin Kano ya ga saƙo daga wanda ke zaune a Ibadan, ba ya ɗaukar sa jita-jita, yana ɗaukar sa shaida, ya ce ai wane yana can. Bai san cewa wane yana Sabo, abin kuma an ce a Akinyele ne, tafiyar da ta fi ta Fagge zuwa Dawanau ba. Tarihi kuma ya nuna mana inda irin wannan ke kaiwa. A Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro, aka rasa rayuka, cikin 'yan kwanaki ramuwa ta tashi a Kano, ta faɗa kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun yi yawo a Facebook, aka tare hanya aka kashe matafiya Musulmi. Da BBC ta bi diddigi, sai ta gano ɗaya daga cikin bidiyoyin ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Brazabil ne, tun 2012.

Na kusa da mu kuma shi ne Shasha, Fabrairun 2021. Gardama ce kan tumatir da ya zube a gaban shago, aka bugi wani mai gyaran takalmi ya rasu, kasuwa ta kama da wuta. An yi asarar rayuka da dukiya na gaske, ba mai musun wannan, wasu cikin masu karanta takardar nan har yau ba su farfaɗo ba. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, gwamnonin Kebbi da Kano da Neja da Zamfara suka zo da kansu. Amma mu da muke nan mun ga yadda kowane ɓangare yake da nasa adadin gawa a waya, da nasa hotunan. Sannan a ƙarshen Maris 2025, a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 16 da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin Sallah aka kashe su, don an ga bindigoginsu na farauta wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a kuma ba ta tsaya tambaya ba. Mun yi kuka, mun ce ina ma an bincika. To, binciken da muke so a yi kafin a taɓa mu, shi ne ake bin mu bashinsa kafin mu ɗora wa wasu laifi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati da ta yi umarni da tantance labari ta faɗi dalilinta a fili, kuma dalilin shi ne kare mutanen da za a cutar bisa jahilci. Ba ta ce sai in mutanen namu ne ba.

Yanzu ga maganar da mun san wasu za su yi, kuma magana ce mai nauyi. Za su ce, "Malam, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ranar Shasha waɗanda suka gudu da jin labarin farko su suka tsira da rai. Mu baƙi ne, ba mu da lokacin bincike. Gara a tura ƙarya goma da a riƙe gaskiya ɗaya ta ci mutum." Ba za mu raina wannan ba, don wanda wuta ta taɓa ƙonawa in ya ga toka sai ya ja da baya.

Amsarmu ita ce a raba abu biyu da muke haɗawa. Kare kai daban, yaɗawa daban. Ka ji ƙishin-ƙishin, ka rufe shago, ka kira yaranka su dawo gida, ka ce wa direbanka ya dakata a inda yake har a ji. Wannan ba ya bukatar isnadi, in ya zama ƙarya cinikin yini ka rasa. Amma ka ɗauki muryar da ba ka san mai ita ba ka watsa wa mutum ɗari biyar, har da matasan Kano da Kaduna da ba ka san me za su yi da ita ba, wannan in ya zama ƙarya wani ne zai biya, watakila da ransa, watakila Bayarabe ko Ibo mai shago a Sabon Gari wanda shi ma baƙo ne kamarka. Sannan lissafin "gara ƙarya goma" ba ya fita. Duk ƙararrawar ƙarya tana cinye wani abu daga amincin da ke tsakaninmu. In aka tayar da mutane sau tara a banza, ran na goma, ran gaskiya, sai su juya su ci gaba da barci.

Alƙur'ani bai bar wannan ba. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i a kan labarin tsaro da tsoro take magana, ta zargi masu gaggawar watsa shi, ta nuna a mai da shi ga shugabanni da masu iya tace shi. Mu nan muna da Sarkin Hausawa da masu unguwanni, muna da limamai, muna da shugabannin kasuwa da na tasha waɗanda ke da lambar direbobi a kowace hanya da lambar 'yan sanda. Kira ɗaya ya isa a san ko hanyar Oyo lafiya. Sai dai nauyin ba a kan talaka kaɗai yake ba, kuma muna faɗar wannan da girmamawa. In ana so jama'a su kawo labari wurin shugabanni, dole shugabanni su ɗaga waya, su ba da amsa da wuri, su faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Ranar da aka ce wa mutane "ba komai" alhali da komai, an kashe wannan hanya, an mai da su hannun mai haki a waya.

Wani kuma zai ce, to shi ke nan, shi daga yau bai yarda da kowa ba, gwamnati ƙarya, likita ƙarya, rediyo ƙarya. Wannan ma ba sanin makama ba ne, lalaci ne ya sake riga. Ku tuna allurar shan inna. Shakkar mutanenmu tana da tushe: a 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Amma da maganar cewa allurar shan inna tana hana haihuwa ta bazu a 2003, aka dakatar da ita a Kano kusan shekara guda, cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashe kusan 20, yara suka shanye. An ci gaba da allurar a 2004, kuma sai 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar. Yaran da aka yi wa allurar a wancan lokaci ga su nan da 'ya'yansu a bayansu. Shakka tana da amfani in ta kai ka ga tambaya. In ta zaunar da kai wuri ɗaya, ita ma ruwaya ce ka karɓa ba bincike.

Abin mamaki kuma, mai cewa bai yarda da kowa ba shi ne kan fara faɗawa. A Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Har da waɗanda ba sa yarda da likita suka tashi da tsakar dare suna dafa ruwa. An kwantar da mutane a asibiti, an ba da rahoton mutuwar aƙalla biyu. Ita cutar kanta mutum 8 ta kashe a ƙasar nan, kuma masu bin diddigin waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya ne suka tsayar da ita. Haka batun kuɗi. MMM ta rufe a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, har mutane suka fasa ofishinta a Oke-Ado a garin nan suna kwasar kujeru. Duk wanda ya shiga, wani amintacce ne ya kawo shi, ya nuna masa alat. Tambaya biyu ce ba a yi ba: wace sana'a ce ke ninka kuɗi cikin wata guda? Kuma hukumar SEC ta ba su lasisi? Takardar rajistar kamfani da suke nunawa ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhun wake sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar, shi ne ya miƙa jarinsa don hoto a waya.

Mafi wuya a cikin al'amarin shi ne labarin da ya yi mana daɗi. In aka ce malaminmu ya yi abin kunya, nan take mu zama Buhari da Muslim, mu ce ina hujja, wa ya gani, an yanke bidiyon. In aka ce malamin wancan ɓangare ne, ko ɗan siyasar da ba ma so, ko wata ƙabila, sai mu tura kafin mu gama saurare. Ma'aunin da ke aiki a gefe ɗaya kawai, a kasuwa mun san sunansa. Ku tuna ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Munafuki ne ya kunna shi, amma har wasu mutanen kirki sun ɗauka, Madina ta yi kusan wata guda cikin ƙunci kafin ayoyin Suratun Nur su wanke ta. Malaman tarihi sun kawo cewa Abu Ayyuba Al'ansari da matarsa sun auna maganar da kansu ne: in su ba za su aikata haka ba, to wadda ta fi su ta fi nisa da shi. Mu ma muna da wannan ma'auni. In aka ce maka "Yarbawa sun shirya kaza", tuna mai gidan da kake haya shekara goma sha biyar, da matar da ke karɓar tumatir a hannunka bashi tana biya. Su ne ake nufi? In ba su ba ne, su wa? Mutum nawa? Wa ya gan su?

Har saƙon addini bai fita ba. Tsohuwar takardar nan da ake cewa wasiyyar wani Shehu Ahmadu ce mai hidimar kabarin Annabi, wadda ke yi wa wanda ya rarraba ta alkawarin arziki, wanda ya ƙi kuma bala'i, malamai sun daɗe da bayyana cewa ƙage ce. Da a takarda take yawo, yanzu ta koma waya. Duk saƙon da ya ce "don Allah ka tura wa mutum goma", ko ya haɗa ka da Allah kada ka riƙe shi, ya riga ya nuna ba shi da ƙafar tafiya da kansa. Jingina wa Manzon Allah abin da bai faɗa ba babban zunubi ne, kyakkyawar niyya kuma ba ta halatta shi. Liman yana nan bayan kowace salla, a tambaye shi.

Akwai kuma labarin da gaskiya ne amma ba naka ba ne ka watsa. An yi haɗari a hanyar Ilori, kafin a sanar da iyali hoton gawar yana yawo, uwa ta ga ɗanta a wayar maƙwabciya. An kama yaro da sata, an ɗauki bidiyonsa, ya tuba shekara biyar amma bidiyon bai tuba ba. Matakin ƙarshe cikin huɗun da muka ambata shi ne aiki da labari yadda ya dace, a addini kuma mun san gulma ma gaskiya ce ake faɗa. Don haka bayan "gaskiya ne?" akwai sauran tambaya: wa zai amfana, wa zai cutu?

To me za mu yi a aikace? Ba sai mutum ya iya boko ba. Duk saƙon da ya shigo, a nemi suna da wuri da rana, in babu ɗaya a ciki a riƙe shi. In an ga kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, alama ce ya bi hannaye da yawa. Kamfanin da kansa tun 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda saboda ɓarnar da aka gani. In hoto ne, yaranmu sun iya sa shi a Google Lens su ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa, a ba su su duba, ba raini ba ne. A duba lambar mota da rubutun allo da irin kayan jami'an tsaro a cikin bidiyo. A sani cewa yanzu na'ura tana kwaikwayon murya da fuskar mutum, don haka in "ɗanka" ya turo murya yana neman kuɗi da gaggawa, kira shi a lambar da ka sani. In babban abu ne, a jira labaran rediyo, a ji tasha fiye da ɗaya. Akwai ma masu aikin tantancewa irin su Dubawa, sunan ma namu ne. Iyayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda saƙon murya ne jaridarsu, haƙƙinsu ne a kanmu mu zauna mu yi musu wannan bayani, kuma in sun tambaye mu kada mu ce musu komai sai a matakinsa. An san Imamu Malik da yawan amsa tambaya da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage shi ba.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne ya fi mana ciwo. Washegarin daren da muka fara da shi, da aka tabbatar babu abin da ya faru, mutum nawa ne cikinmu suka koma inda suka tura suka ce, "Jama'a, abin da na turo jiya ba gaskiya ba ne, ku yafe ni"? Mun duba guruf ɗin masallaci, mutum biyu muka gani, Allah ya saka musu da alheri. Sauran shiru. Har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da suka yi imani an ƙona motocin nan, don ƙaryar ta je musu, gyaran bai je ba. Wanda ya ci bashi ya san ƙofar da zai kai biya. Duk wanda ya tura a wancan dare, wayarsa tana riƙe da sunayen waɗanda ya tura wa, kuma yau Juma'a ce.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinsa. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, da mu da masu masaukinmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.